Yarda da kai tana dawowa bayan an rasa aiki?

Ɗan'uwa, ka ce tun da aka sallame ka daga aiki kake ganin kamar ba ka iya komai ba, kana tambaya ko wannan tunanin zai gushe. Yana gushewa, amma ba da lallashin baki ba.

Carl Rogers, masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, ya bambanta yadda mutum ke kallon kansa da irin mutumin da yake burin zama. Idan tazarar ta yi faɗi, sai damuwa ta samu wurin zama. Kai kuwa ka ɗauki abu guda da ya same ka, ka mai da shi hukunci a kan rayuwarka duka.

A 1977 wani masanin halayyar ɗan'adam, Albert Bandura, ya bayyana cewa abin da ya fi gina yarda da iyawar kai shi ne mutum ya yi abu da hannunsa, ya ga ya yiwu. Ganin nasarar wasu da ƙarfafa gwiwa suna taimakawa, amma ba su kai wannan ba. Shi ya sa masu cewa "ka daure kawai" ba sa burge ni. Gobe da safe ka zaɓi ƙaramin abu, ko gyara takardar neman aiki, ko kiran tsohon abokin aiki. In ka yi, ka rubuta a littafi, kullum layi guda.

Amma fa idan barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita ranka har mako biyu ko fiye, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, kada ka jinkirta, ka ga likita.