Igiyar kakanka da lazer ɗin Amurkawa

Ɗana, saƙonka ya iso tun jiya bayan la'asar, wutar da aka ɗauke ce ta hana ni amsawa da wuri. Ka ce malaminku a jami'ar André Salifou ya nuna maku tauraron ɗan adam mai auna ƙasa da hasken lazer daga sama, shi ne kake tambaya wai miye amfanin al'adar nan tamu ta awon rijiya, a gitta itace a baki, a ɗaura dutse a igiya, a tsaya cik sai ta daina lilo, kuma dole mutum biyu su ƙirga gaba, ko dai camfi ne kawai na tsofaffi.

To ba camfi ba ne, kuma ni na yi shekaru ina awon filaye ban da na kakanka da na gani da idona a garkarmu ta Mirya. Shi idan zai auna rijiya ba ya sakin igiya daga gefe, sai daga tsakiyar itacen, ya durƙusa ya riƙe ta da yatsu biyu kamar mai jin bugun jijiya, mu yara an hana mu ko tari, har sai ta miƙe sak ta yi tsit sannan ya ɗaura ƙulli. Dalili? Igiyar da ta karkace ko ta jingina da bango tsawonta ya fi zurfin gaskiya, kai kuma da gaba ake biyan mai haƙa, kuɗinka ne ke tafiya. Mutum biyu kuwa saboda gabar dogo ba ta gajere ba ce, ni nan gabata ta fi ta babanka da kusan tafin hannu, har yau yana musu.

Shi wancan abin da kake faɗa na san shi, ICESat-2 ne, na hukumar NASA mai binciken sararin samaniya ta Amurka, an harba shi ran 15 ga Satumba 2018 daga Kalifoniya, na'urar da ke cikinsa ATLAS suke kiranta. Yana yawo wajen kilomita 500 sama da mu, yana tofo koren haske sau 10,000 a daƙiƙa guda, wato duk santimita 70 a ƙasa akwai ɗigo, hasken ya taɓa ƙasa ya koma ya faɗa wani madubi mai faɗin santimita 80, zuwa da dawowa kusan kashi ɗaya cikin 300 na daƙiƙa, kuma daga lokacin nan ake fidda nisa. Igiya ce dai, ta haske. Abin da ke komawa ma ɗan kaɗan ne, ƙwayoyin haske kamar goma sha biyu cikin tiriliyoyin da suka fita.

Amma ga inda nake so ka tsaya. Wannan nisan shi kaɗai banza ne in ba a san inda tauraron yake ba da kuma ina bakin lazer ɗin ya dosa. Ɗauki biro ka yi lissafin da kanka, daga kilomita 500 in ya karkace digiri ɗaya tak, ɗigon zai sauka kusan kilomita 9 daga inda ake zato, kana cewa ka auna unguwar Birni ta Damagaram ashe kana can bayan gari cikin gonakin mutane. Shi ya sa suka sa mashi GPS mai faɗin inda yake, suka kuma sa kamara da aikinta kallon taurari kawai don a san yadda ya fuskanta, yadda madugun ayarin Bilma ke duba sama da dare. Ni kaina na taɓa cin wannan tuwon, ina saurayi na kafa na'urar awo ban tsaya kumfar nan mai nuna daidaito ta zauna tsakiya ba don ina sauri in kama mota, aikin yini biyu ya tashi a banza, shugabanmu bai ce komai ba ya miƙo mani takardun ya nuna ƙofa.

Batun mutum biyu ma sun yi shi, sai dai nasu dalilin daban. Hasken sun raba shi shida, bibbiyu sau uku, tsakanin 'yan biyun mita 90, tsakanin wannan biyun da wancan wajen kilomita 3. Da layi ɗaya ne, in ya dawo bayan kwana 91 ya ɗan kauce a kan gangaren ƙanƙara sai a ce ƙanƙarar ta narke alhali kaucewa ce, amma da biyu gefe da gefe ana gane gangaren a cire shi. Don ƙanƙarar Antaktika da Girinlan aka ƙera shi asali, mu nan tsayin itatuwa da tudu da ruwan tafki yake ɗauka in ya ratsa, hadari mai kauri kuma na tare shi.

Rijiya kam ba zai shiga ba, ɗigonsa a ƙasa ya haura mita 10, bakin tamu ko biyu bai kai ba. In ka samu hutu ranar Asabar ka zo mu tafi Mirya, ruwan ya ja baya bana ina so a ƙara mata gaba biyu, ka taho da igiya sabuwa daga kasuwar Dole, irin wadda ba ta ƙara tsawo in an ja ta, kuma ka ce wa babanka ya zo a sake gwada gabar nan gaban shaidu.