Hukuncin Tara Kiɗan Fim Da Ba A Fitar Ba Da Faifan Talla

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni matashi ne daga Tudun Wada a nan Kaduna, gyaran waya nake yi. Tun ina yaro nake son kiɗan da ake sakawa a ƙarƙashin fim, ba waƙa ba, zallan kiɗan da ke tafiya da labari, na finafinan Indiya da na Amurka da namu na Hausa. Na tara da yawa. Wasu da kuɗina na saya. Wasu faifan talla ne da kamfanoni ke raba wa 'yan jarida da masu zaɓen gwarzon shekara, an rubuta a jikinsu ba na sayarwa ba ne, wani ɗan'uwana da ke waje ne ke saya mini ta eBay. Wasu kuma ba a taɓa fitar da su kasuwa ba, musaya muke yi da abokai ta Telegram, sai waɗanda wani abokina mai aikin haɗa sauti a wani sitidiyo yake turo mini, yana cewa kada in bari maigidansa ya ji. Ba na sayarwa, da dare nake ji kafin in yi barci. Wani ɗalibin ilimi ya ce mini babu haƙƙin mallaka a Musulunci, sauti ba dukiya ba ce, kuma yawancin masu kayan ma ba Musulmi ba ne. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. A cikin duk abin da ka rubuto, wuri ɗaya ne ya tsayar da ni, inda ka ce abokinka yana cewa kada ka bari maigidansa ya ji. A nan hukuncin yake, kuma ina zaton kai ma ranka ya ba ka haka, shi ya sa ka faɗa ba tare da an tambaye ka ba. Annabi (SAW) ya ce zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a ƙirji kuma ka ƙi mutane su gan ka a kai. Abokinka ma'aikaci ne da aka damƙa wa aikin mutane. Furodusa ya biya kuɗin sitidiyo, mai kiɗa ya kwana a kan fiyano yana gyara, aka bar masa fayil ɗin a kwamfuta domin ya daidaita sauti. Ya kwafa ya turo maka a ɓoye. Wannan ha'inci ne a cikin amana, haramun ne a kansa, haramun ne a kanka ka karɓa kana sane. A kan wannan babu malamai biyu da suka yi saɓani.

Maganar kiɗa ita kanta ba zan tsawaita ba, ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi a garin nan. Jumhurun malamai na mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa, suka yi rangwame a kan mandiri a wajen biki. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta inda Ibn Abi Zaid yake hana mutum ya yi gangancin sauraron kayan wasa da waƙa. Akwai waɗanda suka sauƙaƙa, kamar Ibn Hazm a da, da Sheikh Yusuf Ƙardawi a wannan zamani, da sharuɗɗansu. Ni maganar jumhur nake kai, ita nake ba ka shawara a kai. Ka lura kuma, cewar da ka yi babu waƙa a kai bai fitar da kai daga mas'alar ba, domin saɓanin malamai a nan a kan kayan kiɗan ne su kansu.

Yanzu ga maganar ɗalibin da ya ba ka fatawa. Ita ce nake so mu zauna a kai, domin ta yaɗu a tsakanin matasa, kuma ɓarnarta ta wuce kiɗa, ta shiga littattafan malamai da manhajojin kwamfuta da aikin duk mai cin abinci da basirarsa.

Ka fara da tambayarsa: shi wannan kiɗan, halal ne a wurinsa ko haram? In ya ce haram ne, to me ya sa yake share maka hanyar tara shi? In kuwa ya ce halal ne, yana bin masu sauƙaƙawa, to ya zama amfani halattacce wanda ake biyan kuɗi a kai, kuma duk abin da ya zama haka yana da mai shi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne mutum ya riƙi halascin kiɗa lokacin saurare, sannan in an zo maganar biyan mai shi ya ce ai abin banza ne ba shi da ƙima. Wannan tsintar rangwame ce daga kowane ɓangare, malamai sun yi gargaɗi a kanta.

Cewa sauti ba dukiya ba ce tana da asali, ba zan ɓoye maka ba. Magabatan Hanafiyya sun taƙaita dukiya a kan abin da ake iya riƙewa a ajiye, kuma a kan wannan ne Mufti Muhammad Shafi na Pakistan ya ƙi yarda da sayar da haƙƙin wallafa. Amma Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ɗaukar amfani a matsayin dukiya, kuma dalili yana tare da su. Annabi Musa ya biya sadaki da aikin shekara takwas, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas. Annabi (SAW) ya aurar da mace ga wani sahabi a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. Ya kuma tabbatar wa sahabban da suka karɓi tumaki a kan ruƙiyya abin da suka karɓa. Cikin waɗannan babu abin da ake sawa a buhu, amma shari'a ta ba su ƙima. Ɗan Mufti Shafi ɗin ma, wato Mufti Taƙi Usmani, ya karkata ga ingancin wannan haƙƙi, saboda al'adar mutane ta mayar da shi abin ciniki. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar kuɗi, shari'a tana kare su, bai halatta a keta su ba. A ƙasar nan kuma akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, kuma bin hukuma a kan abin da yake maslaha ce ga jama'a wajibi ne.

Za su ce maka ai kwafa ba ta rage wa mai abu komai, nasa yana nan a kwamfutarsa. Ango ya kai ɗinkin babbar rigarsa wajen tela a Kasuwar Barci, yaron shago ya saka ta ya zaga gari kafin ranar ɗaurin aure, ya dawo da ita ko zare bai tsinke ba. Wa zai ce bai ci amana ba? Abin da ya ɗauka shi ne damar mai riga ta ya fara fita da abinsa a ranar da ya zaɓa. Kiɗan da ba a fitar ba ya fi kowane shiga wannan. Mai shi yana iya riƙe shi don fim ɗin bai fito ba, ko don yana rigima da furodusa a kan kuɗi, ko don bai gamsu da aikin ba, ba ya so a ji shi da sunansa. Kuma kai da ka san harkar ka fi ni sanin cewa irin waɗannan kaɗe-kaɗe sukan fito daga baya. Akwai ƙananan kamfanoni a Amurka, irin su Intrada da La-La Land, da ke karɓar izini su buga tsohon kiɗan fim kwafi dubu biyu ko uku kacal. Masu sayensu ba su da yawa, in kowa ya riga ya samu ta bayan gida, kasuwar ta mutu tun ba a buɗe ta ba. To ina rashin cutarwar?

Wasu kuma sukan jawo hadisin ɓoye ilimi, cewa za a sa wa mai ɓoyewa linzamin wuta. Wannan a kan ilimin da mutane ke buƙata ne a addininsu, aka tambayi mai shi ya hana. Ɗora shi a kan kiɗan fim wasa ne da hadisi, ka guje shi.

Mafi muni a maganar ɗalibin nan shi ne cewa masu kayan ba Musulmi ba ne. Wannan magana takan ɓata mini rai ƙwarai, musamman a gari irin Kaduna inda muke kasuwa ɗaya da unguwa ɗaya da waɗanda ba addininmu ɗaya ba. A cikin hadisin sulhun Hudaibiyya da Bukhari ya ruwaito, Mugira ɗan Shu'uba ya yi tafiya da wasu mutane a jahiliyya, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo ya musulunta. Annabi (SAW) ya ce masa Musuluncin ya karɓa, amma dukiyar babu ruwansa da ita. Dukiyar mushrikai ce, amma da yaudara aka same ta, ya ƙi taɓa ta. Ranar hijira ma ya bar Aliyu a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali a daren suna neman ransa. Wanda ya koyi cewa kayan wanda ba Musulmi ba ganima ce, yau a kan fayil ɗin kiɗa zai gwada, gobe a kan wayar da maƙwabcinsa Kirista ya kawo masa gyara. Ka gaya wa ɗalibin nan ya ji tsoron Allah, ya koma gaban malaminsa.

Faifan talla hukuncinsa daban ne, kuma ya rataya ne a kan yadda ya fito daga hannun kamfani. In kyauta aka aika wa ɗan jarida, ba a nemi ya dawo da shi ba, bai kuma sa hannu a kan wani sharaɗi ba, to faifan ya zama nasa, rubutun da ke jiki shi kaɗai ba yarjejeniya ba ce da ya ɗauka. Haka ma wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta gani a 2011, lokacin da kamfanin Universal ya yi ƙarar wani mai sayar da irin waɗannan faifai a eBay, ta ce mallaka ta riga ta koma hannun waɗanda aka aika wa. In kuwa aro aka ba shi, ko ya yi alkawarin ba zai fitar ba, to Musulmi suna kan sharuɗɗansu, saye daga hannunsa bai halatta ba ga wanda ya sani. A kowane hali mallakar faifai ba ta ba ka damar kwafe abin da ke ciki ka watsa. Ka sani kuma da yawa daga cikin abin da ake tallatawa da sunan faifan talla na jabu ne, an kwafa a gida an buga masa bango mai kyau. Waɗanda ka saya daga masu su kuwa babu haƙƙin kowa a kanka, sai maganar kiɗan da na ambata.

Cewar da ka yi ba ka sayarwa ta rage nauyi, ba ta ɗauke shi ba. Musaya ma ciniki ce, ka ba da wanda aka sato ka karɓi wanda aka sato. Duk fayil ɗin da ya fita daga wayarka ba ka da ikon dawo da shi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma zan faɗa maka, don kai ɗa ne a wurina. Sana'arka gaba ɗaya amana ce. Mace ta ajiye maka wayarta a kan tebur, ta faɗa maka lambar buɗewa, hotunanta da saƙonninta duk suna gabanka, kai kaɗai da fitilarka da abin narka dalma. Zuciyar da ta saba ganin kwafa a ɓoye ba komai ba ce, ranar da ta ga abin sha'awa a wayar mutane ba za ta yi maka birki ba. Wannan ya fi damuna fiye da kiɗan. Sannan ka duba abin da kake rufe darenka da shi. Annabi (SAW) ya koya mana Ayatul Kursiyyu da ƙarshen Baƙara da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a lokacin kwanciya. Kada abin kunne ya ture su, kada kuma ya ci maka Asuba. Ka zauna ka lissafa abin da ɗan'uwanka ya kashe maka a waje, ka juya shi zuwa naira, ka kwatanta da abin da ka kai wa mahaifiyarka a wannan lokacin. Ni ban san amsar ba, kai ka sani.

Abin da za ka yi shi ne ka goge duk abin da ya zo ta hannun abokinka da wanda kuka yi musaya, daga waya da memori da duk inda ka ɓoye, ka daina karɓa ka daina turawa. Ka sami abokinka ku biyu ka yi masa nasiha cikin taushi, kada ka tona shi a gaban mutane. In abin da ya fitar bai wuce hannunka ba, tuba da gogewa sun wadatar in sha Allahu. In kuwa ya riga ya bazu har mai aikin ya yi asara, to akwai haƙƙin bawa a ciki, sai ya nemi yafiyar maigidansa da mai kiɗan, ko kai tsaye ko ta hannun wani dattijo da suke jin maganarsa, kai ma ka sa naka kason a ciki gwargwadon abin da ka watsa. In akwai wani aiki na mawaƙan gida da kake so ƙwarai kuma ka zaɓi bin masu sauƙaƙawa, masu shi suna nan Kaduna da Kano, ka je ka roƙe su ko ka saya da yardarsu.

Allah ya tsare mana amanarmu, ya sa albarka a sana'arka. Wallahu a'alam.