An ƙona majami'armu, ta yaya zan ƙaunaci wanda ya aikata?

Tambaya: Wasu sun cinna wa majami'armu wuta cikin dare. Ba a rasa rai ba, amma kujeru, bagade da littattafan waƙoƙi duk sun zama toka. Fasto yana ta wa'azin gafara, ni kuwa zuciyata tafasa take yi, so nake a kama su a ɗaure. Shin bangaskiyata ce ta yi rauni? Daga wata 'yar'uwa cikin Almasihu.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da wannan rashi. Wurin da aka ɗaura aurenku, aka kuma yi wa 'ya'yanku baftisma, ba ƙaramin abu ba ne a ce an wayi gari ya zama kango, kuma baƙin cikinki ba alamar raunin bangaskiya ba ne. Afisawa 4:26 ba ta hana fushi ba, abin da ta hana shi ne fushin ya kai mutum ga zunubi, ko ya kwana da shi.

Inda nake ganin kin shiga ruɗani shi ne zaton cewa gafara da shari'a ba sa zama inuwa ɗaya. Manzo Bulus, wanda ya hana mu ramuwa a Romawa 12:19, shi ne kuma ya ce a sura ta 13 hukuma tana riƙe da takobi domin hukunta mai mugunta. Saboda haka ki ba da shaida idan kin ga wani abu, ku bi maganar har kotu, domin wanda aka bari ya sha a yau zai iya ƙona wata gobe, wataƙila da mutane a ciki. A jihar Luwiziyana ta Amurka, a shekarar 2019, wani matashi ya ƙona majami'u 3 na baƙaƙen fata cikin kwana 10. An yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 25, jama'a kuma suka tara fiye da dala miliyan 2 domin sake gina su.

Abin da Yesu ya nema a Matiyu 5:44 ya fi wuya, wato ki ƙaunaci magabcinki, ki kuma yi masa addu'a. Wannan ba ya jiran sai zuciya ta huce. Za ki iya fara roƙa masa tuba tun muryarki tana rawa, sau da yawa kuwa sanyin zuciya daga baya yake zuwa.

Babban abin da nake ji miki tsoro shi ne zargi ya bazu daga mai laifi zuwa danginsa, ƙabilarsa ko addininsa, har ki daina gaida maƙwabcin da wataƙila shi ya fara ɗauko bokitin ruwa a daren. Ki tsawata wa matasanku idan kin ji suna maganar ramuwa, kada kuma ki yaɗa sunan wani a waya alhali bincike bai tabbatar ba. Ku ci gaba da sujada ko a ƙarƙashin rumfa ne, ki kuma sami fasto ki gaya masa yadda kike ji ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin shi ma yana ɗauke da irin wannan nauyin.