Hotunan sun ɓace bayan saka sabon fulogin a WordPress

Malam, ka ce jerin hotunanka ya daina fitowa tun da ka saka sabon fulogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi) a WordPress, manhajar gina shafin intanet. Kada ka goge komai tukuna. Sau da yawa fulogin biyu ne ke karo da juna. Kashe duk fulogin ɗin da ke shafinka, sannan ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya kana duba shafin. Wanda hotunan suka ɓace a kansa, shi ne mai laifin. Idan kuma hotunan sun fito a karkace bayan ka sauya jigo (theme, wato fasalin shafin), fulogin ɗin Regenerate Thumbnails zai sake yanka su daidai. Ni dai a ganina, in hotunanka ba su da yawa, jerin hotunan da WordPress ke zuwa da shi ya ishe ka, ya kuma fi sauƙin buɗewa.