Digiri na gaba kan sinadarai masu gurɓata muhalli: ta ina zan fara?

Tambaya: Na kammala digiri na farko a fannin kimiyyar sinadarai. Ina son yin digiri na biyu ko na uku kan sinadarai masu ɗauke da kabon da ke gurɓata ruwa da ƙasa. Ina ake samun gurbi, kuma me ake nema a wurin ɗalibi?

Amsa: Kafin sunan jami'a ya ruɗe ka, binciki ɗakin gwajinta. Wannan aiki bai yiwuwa sai da na'urori. Sinadarai irin su DDT (maganin kashe ƙwari) da PCB (sinadaran masana'antu) da PAH (masu fitowa daga ƙone-ƙone da man fetur) ana auna su ne da na'urar GC-MS, su kuwa PFAS (sinadarai masu ɗauke da fluorine da ba sa saurin ruɓewa) da ragowar magunguna a cikin ruwa sai na'urar LC-MS/MS. Malamin da ba shi da damar amfani da waɗannan, ko kuɗin aikinsa ya ƙare, zai bar ka da samfura a firiji shekara guda.

Kuɗin bincike yana bin doka. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kan sinadarai masu daɗewa suna gurɓata muhalli, wadda ta fara aiki a 2004, ta soma da sinadarai 12, sannan aka ƙara PFOS a 2009 da PFOA a 2019, dukansu dangin PFAS ne. Shi ya sa guraben PFAS suka yawaita yanzu. Duba cibiyoyin bincike na Eawag a Suwizalan da UFZ a Leipzig ta Jamus, da jami'o'in Stockholm da Lancaster da Toronto. A Suwidin ɗalibin digiri na uku ma'aikaci ne mai albashi na shekara huɗu. Akwai kuma tallafin karatu na DAAD ta Jamus da na Commonwealth.

Abin da ke burge malami a wasiƙar neman gurbi da za ka aika masa shi ne ka nuna ka san inda awo ke ɓaci. Ana neman nanogiram ne, wato kashi ɗaya cikin biliyan na giram, a cikin lita, don haka ƙazanta kaɗan ta isa ta rushe sakamako. Samfurin PFAS ba ya shiga kwanon Teflon, domin shi kansa dangin PFAS ne. A roba ta polypropylene ake zuba shi. PAH kuwa haske na lalata shi, sai kwalba mai duhu da aka gasa a zafin kusan digiri 450 a ma'aunin Celsius. Kowane rukunin samfura yana tafiya da samfuri fanko, wato wanda babu sinadarin da ake nema a cikinsa, a kuma zuba sanannen adadin sinadari mai alamar kabon-13 tun kafin tacewa, don a ga nawa ya ɓace a hanya. Yawanci ana karɓar sakamako idan abin da aka samo ya kai kashi 70 zuwa 120 cikin ɗari na abin da aka zuba.

Wasiƙar ta zama gajera. Ambaci wani aiki na malamin na kwanan nan, ka faɗi tambayar da kake son bi daga nan, ka tambaye shi kai tsaye ko gurbin na da kuɗi.