Hukuncin Sayen Inshorar Ceto Ga Mai Niyyar Hawan Dutsen Kilimanjaro

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mu huɗu ne muka yi niyyar zuwa Tanzaniya hawan dutsen Kilimanjaro, tafiyar kwana bakwai ta hanyar Machame. Kamfanin da zai yi mana jagora ya ce sai kowa ya kawo takardar inshorar da za ta biya kuɗin jirgi mai saukar ungulu da na asibiti idan wani abu ya faru a sama. Ɗaya daga cikinmu ya ce inshora caca ce kuma rashin tawakkali ne, shi zai nemi kamfanin da ba ya tambayar takarda. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, kafin maganar inshora sai an fara sanin abin da za ku tarar a can, domin ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa.

Ƙololuwar Kilimanjaro, wadda ake kira Uhuru, tsayinta mita 5,895 ne. Dutse mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi da ke Taraba, mita 2,419 ne, ciwon tsauni kuwa yakan fara bayyana ne daga wajen mita 2,500. Ke nan mutumin da bai taɓa fita daga Najeriya ba, jikinsa bai taɓa ɗanɗana wannan yanayin ba, komai ƙarfinsa. A ƙololuwa, iskar oksijin da ke shiga huhu a kowane numfashi kusan rabin ta bakin teku ce. Ciwon yakan fara da ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci da rashin barci. Idan mutum ya ci gaba da hawa a haka, ana tsoron abu biyu. Ko ruwa ya taru a huhu, mutum yana zaune amma yana haki, yana tari mai kumfa, wani lokaci da ɗigon jini. Ko kuma ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, magana ta rikice, ya kasa taka layi miƙaƙƙe. Duka biyun suna iya kashewa cikin yini guda, kuma babban maganinsu sauka ƙasa nan take, mita 500 zuwa 1,000. Likitocin tsauni suna ba da shawarar cewa idan an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda. Gajerun tafiye-tafiye na kwana biyar suna karya wannan ƙa'idar, shi ya sa masu son arha suka fi faɗawa cikin matsala.

Hawan kansa halal ne ga mai lafiya da ya bi 'yan jagora masu lasisi ya ɗauki isassun kwanaki, domin galibin masu hawa suna saukowa lafiya, hukunci kuwa yana bin galibi. Amma wanda likita ya gaya wa cewa zuciyarsa ko huhunsa ba za su ɗauka ba, ko mai ciwon sikila, hawan haramun ne a kansa, da inshora ko babu, saboda faɗin Allah a Baƙara aya ta 195 cewa kada ku jefa kanku cikin halaka. Har mai rukunin jini AS, wanda a gida bai san yana da komai ba, sai ya ga likita, domin an san ƙarancin oksijin a tsauni yana iya toshe jinin saifarsa. Wannan ya shafi mutanenmu ƙwarai.

Maganar tawakkali kuwa gajera ce. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa wanda ya kwana a kan soron da ba shi da rawani, alƙawarin kariya ya kuɓuta daga gare shi. Idan soron gida ne haka, ina ga dutsen da ya haura gajimare? A nan abokinka bai yi daidai ba.

Inda yake da hujja shi ne a kan kwangilar kanta. Inshorar kasuwanci ciniki ne: ka ba da kuɗi sananne, a madadin abin da ba ka sani ba ko za ka samu, ko nawa ne, ko yaushe. Wannan shi ne garari, kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. Idan kamfani ya biya ka tsabar kuɗi fiye da abin da ka zuba, ga kuɗi da kuɗi da fifiko da jinkiri, shubuhar riba ta shigo. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a Disambar 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci haramun ce, madadinta shi ne inshorar taimakon juna da aka gina a kan kyauta. Shaikh Mustafa Zarƙa ya saɓa wa jumhur, yana ganin abin da mutum ya saya shi ne kwanciyar hankali kuma ya same ta tun ranar da ya biya. Ra'ayi ne na babban malami, amma ba shi muke ba da fatawa da shi ba.

Sai dai abin da mutane ke kira inshorar ceto ba iri ɗaya ba ne, kuma kuskure ne a yi masa kuɗin goro.

Akwai dala 20 da hukumar gandun Kilimanjaro ke karɓa daga kowane mai hawa a matsayin kuɗin ceto. Haraji ne na hukuma a kan hidima, babu laifi a kai. Amma ka san iyakarsa: na saukowa da mutum ta ƙasa ne, a kan wani gado mai taya ɗaya kamar amalanke, mutane suna riƙe da shi suna gangarowa awanni har inda mota ke iya zuwa. Bai haɗa da jirgi ba, bai haɗa da asibiti ba.

Akwai takaful, wato karo-karo a asusu guda da niyyar kyauta, wanda tsautsayi ya faɗa wa a ɗebo a taimaka masa, kamfani kuma wakili ne da ake biyan ladan aikinsa. Asalinsa hadisin Ash'ariyyawa da ke Bukhari da Muslim, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi guda su raba daidai, Annabi (SAW) ya yabe su. Mazhabar Malik ma ta fi kowa sauƙi a nan, domin a wurinta garari ba ya ɓata kyauta. Kamfanin farko irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979, a Najeriya kuma hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. Wannan halal ne, kuma shi za ka fara nema. Sai dai ka tambaye su a rubuce ko takaful ɗinsu na tafiya ya haɗa da hawan dutse har mita 6,000. Takardar da aka tsara don mai zuwa Umra ko Dubai ba ta da amfani a Barafu, sansanin ƙarshe kafin ƙololuwa. Kusa da wannan akwai tsarin gidauniyar Rega ta Suwizalan, mai aikin ceto da jirage, inda mutum ke ba da gudummawar shekara, su kuma suna iya yafe masa kuɗin ceto don godiya, ba a matsayin bashi a kansu ba.

Sai kuma rajista da kamfanin da shi kansa ke aikin ceton: ka biya na mako biyu ko wata guda, su kuma su kasance cikin shiri, idan an kira su ɗauke ka zuwa asibiti, ba kuɗi za su ba ka ba. Malamai sun yi saɓani, amma abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne wannan ya fi kama da ɗaukar maigadi. Kana biyansa wata-wata ko ɓarawo ya zo ko bai zo ba, kuma ba wanda ya ce caca kake yi, domin zamansa a ƙofa shi ne aikin. Majalisar Fiƙihun da na ambata, a zamanta na Dubai a 2005, ta halatta kwangilar lafiya kai tsaye da asibitin da ke ba da magani, idan an fayyace sharuɗɗa har garari ya zama ɗan kaɗan, saboda buƙatar tsare rai. Rajistar ceto 'yar'uwar wannan kwangilar ce.

Saura inshorar kasuwanci zalla, idan duk waɗancan ba su samu ba. Nan ne gizo ke saƙa. Ƙa'ida ita ce ana yafe garari idan akwai buƙata ta gaske da ba ta da wata mafita, kamar yadda Shaikh Siddiƙ Darir na Sudan ya tabbatar a bincikensa kan garari. Mai tsanantawa zai ce: wa ya aike ka? Hawan dutse ba Hajji ba ne, ba neman magani ba, kai ka jawo wa kanka buƙatar. Maganarsa tana da nauyi, domin malaman Malikiyya ba su sunnanta ƙasaru ga wanda ya yi tafiya don wargi kawai ba. Saboda haka wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya fasa tafiyar, ya yi tsantseni, kuma ba a zarginsa. Wanda kuma yake da halin ajiye dala dubbai a gefe, a hannun wanda zai iya turawa cikin awa guda, kuma kamfanin jagora ya yarda da hakan, shi ba shi da buƙatar da za ta halatta masa. Amma mai matsakaicin hali da ya ƙudura tafiya ta halal da manufa mai kyau, ya nemi takaful da rajistar ceto bai samu ba, ko aka shardanta masa takardar, ya halatta ya saya gwargwadon buƙata.

Abin da ban ga halaccinsa ba shi ne zaɓin abokinka: ya hau ba takarda, ba kuɗi. Yana gudun shubuha a dukiya, ya faɗa wa haƙƙin mutane. Kamfanin jirgi yakan so tabbacin biya kafin ya tashi. Idan babu, 'yan dako ne za su ɗauko shi cikin duhu da sanyi a kan duwatsu, su da suka fito neman abin sawa a bakin salati; abokan tafiya su zube abin da ke hannunsu; iyali a gida su shiga sayar da fili ko yawon neman taimako. Babu cuta babu cutarwa, in ji hadisi. Ko ya tafi da shirin ceto, ko ya zauna gida.

Gwargwadon buƙata na nufin ceto, kai wa asibiti, magani, da mayar da marar lafiya gida. Idan ana iya rarrabewa, ka bar sashen diyyar mutuwa, da na ɓatan kaya, da na fasa tafiya. Idan a dunƙule ake sayarwa, ka saya, amma tsabar kuɗin da ya zo hannunka fiye da abin da ka kashe ka bayar ga mabuƙata. Abin da aka biya wa jirgi da asibiti kuwa babu laifi ko ya ninka abin da ka zuba, domin abin da ya halatta kwangilar shi ya halatta amfaninta. Sashen dawo da gawa kuma ba ka buƙatarsa: sunna ita ce gaggauta binnewa, akwai Musulmi da maƙabartu a Moshi, garin da ke gindin dutsen, ka bar wasiyya a kan haka.

Ka karanta takardar da kanka, domin sayen abin da ba zai yi aiki ba ɓarnar dukiya ce a kan shubuha. Inshorar tafiya ta yau da kullum takan sa iyakar tsayi ƙasa da abin da kake buƙata. Taka ta ambaci mita 6,000 ƙarara. Ka duba ko an yarda a sayar wa mazaunin Najeriya, domin wasu na mazauna wasu ƙasashe ne kawai, za a karɓi kuɗinka ta intanet, ranar biya a ce ba ka cancanta ba. Ka san ko su ke biyan jirgi kai tsaye ko sai ka biya su mayar maka. Na biyun bai warware matsalar marar kuɗi ba. Da yawa suna shardanta a kira lambarsu ta gaggawa kafin jirgi ya tashi, saboda haka shugaban 'yan jagora ya riƙe lambar da kwafin takardar tun daga ƙofar Machame. Neman wanda ya ɓata daban, ɗauko wanda aka san inda yake daban, wasu na biyun kawai suke biya. Sannan ka ajiye rahoton likita da rasiɗai.

Kada kuma takarda ta ruɗe ka. Jirgi ba ya tashi da dare ko cikin hazo, kuma sai a wuraren da aka tanada yake sauka, alhali hawan ƙarshe daga sansanin Barafu, mai tsayin kusan mita 4,670, da tsakar dare ake fara shi. Idan ɗan jagora ya ce ka juya, juyawa wajibi ce a kanka, ko da kana hango allon Uhuru.

Abu na ƙarshe, gaskiya. Halatta maka kwangila don buƙata bai halatta maka ha'inci a cikinta ba. Ɓoye hawan jini, asma ko ciwon suga a fom ƙarya ce, kuma ita ce za ta sa a ƙi biya. Kiran jirgi don gajiya kawai da sunan ciwo cin dukiya ne da ɓarna, ko kamfanin na waɗanda ba Musulmi ba ne. A 2018 gwamnatin Nepal ta binciki yadda wasu kamfanonin jagora da na jirage da asibitoci ke haɗa baki, a tura mai ɗan ciwon kai cikin jirgi, a kumbura kuɗi, a raba. Idan wani ya ce maka sa hannu kawai ai inshora ce za ta biya, kada ka sa. Da kai da shi duk kun shiga cikin faɗin Annabi (SAW) cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

Wallahu a'alam.