Tambaya da Amsa: Ina ruwan gwamnati da gishirin abincinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sayar da abinci ce a garin Tawa, kuma maigidana yana fama da hawan jini, har an ce masa a asibiti ya rage gishiri. Na ji a rediyo cewa wasu ƙasashe sun kafa doka kan yawan gishirin da ake sa wa burodi da dunƙulen miya da abincin gwangwani. Maigida ya ce shisshigi ne, kowa ya san bakinsa. Shin haka ne? Kuma idan dokar ta zo Nijar, za a riƙa leƙa mini tukunya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne. Ki kwantar da hankalinki game da tukunya, domin waɗannan dokoki masana'antu da gidajen burodi suke kamawa, ba uwargida a madafinta ba.

Maganar maigida tana da tushe, amma a kan gishirin da mutum ya ɗebo da hannunsa kawai take aiki. Wanda ya barbaɗa gishiri a kan dambu ya ga abin da ya zuba, ya kuma san ya zaɓa. Wanda ya tsaya wurin mai shayi da asuba ya sayi burodi, ko ya buɗe gwangwanin kifi, bai zaɓi komai ba, tunda an riga an yanke masa awo a masana'anta, kuma ko da an rubuta adadin a jikin leda, da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta, da ƙananan haruffan da sai an ƙura ido. Dunƙulen Maggi ko Jumbo da kike marmasawa a miya, kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Mata da yawa suna jefa biyu ko uku, sannan su ɗanɗana su ƙara gishiri, alhali suna ganin sau ɗaya suka sa. A ganina, wanda ba a gaya masa abin da ke cikin abinci ba, ba za a ce masa laifinsa ne da ya ci ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan ya haɗa da na burodi da na dunƙule da na kilishi. Matsakaicin abin da ake ci a duniya ya haura giram 10. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru a cikin jijiyoyi, zuciya ta yi ta bugu da ƙarfi shekara da shekaru, har ta kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 1.9 ke rasuwa duk shekara ta wannan dalili. Abin da ya fi damuna shi ne hawan jini ba ya yin sallama, mutum yana iya kai da kawowa a kasuwa lafiya lau, sai ranar da ya faɗi.

Afirka ta Kudu ta kafa tata dokar a 2013, ta fara aiki a 2016, inda aka ƙayyade wa burodi miligiram 400 na sodiyam a kowane giram 100, wato giram ɗaya na gishiri, sannan aka sauko zuwa 380 a 2019. Dokar ta haɗa da dunƙulen miya da naman gwangwani da sauransu. Ingila kuwa lallaɓa kamfanoni ta yi ba tare da doka ba, kuma daga 2003 zuwa 2011 abin da mutum ke ci a yini ya sauka daga giram 9.5 zuwa 8.1, sai dai da aka sassauta matsin lamba sai raguwar ta tsaya. Hikimar da ke cikin duka biyun ita ce ragewa sannu a hankali, ta yadda harshe ke sabawa ba tare da mai ci ya lura ba. Ita ma doka tana da wani amfani da ke, ƴar kasuwa, za ki fi kowa ganewa: mai gidan burodin da ya rage gishiri shi kaɗai yana tsoron masu saye su koma wurin maƙwabcinsa, amma idan aka ɗora wa kowa awo ɗaya babu wanda zai yi asara.

Kada maigida ya manta cewa gwamnati ta daɗe da sa hannu a gishirinmu, tunda ita ta wajabta a sa masa sinadarin iyod don maganin maƙoƙo, kuma ba a kira wannan shisshigi ba. Sannan wanda aka rage wa gishiri a burodi yana da damar ƙarawa da hannunsa, amma wanda aka cika wa ba shi da hanyar cirewa.

Duk da haka ba zan ce miki doka za ta gama aikin ba. A nan Nijar yawancin gishirinmu a tukunya yake shiga, kuma kayan gwangwani da dunƙule da yawa daga waje suke zuwa, saboda haka dokar da ba ta da awo a bakin iyaka da jami'an duwan masu bincike takarda ce kawai. Babban rabo yana hannunki. Idan kin sa dunƙule, ki bar gishiri, ko ki raba shi biyu, ki ƙara albasar Galmi da tafarnuwa da citta da daddawa, ki yi hakan kaɗan-kaɗan cikin ƴan makonni don kada masu cin abincinki su guje ki. Ki kula da kanwa, domin ita ma sodiyam ce. Maigida kuma ya ci gaba da shan maganinsa da zuwa awon jini ko da ya ji sauƙi, kuma kada ya sayi gishirin da ake tallatawa na masu hawan jini, mai sinadarin potasiyam, sai an duba masa lafiyar ƙoda a asibiti.